Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Ƙaramar Hukumar Gezawa



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, na rubuto ne a kan wata matsala da ba ta cikin koke-koken da ake kawo maka kullum. Masu zuwa ofishinka hanya suke nema, ko rijiyar burtsatse, ko takin zamani, ko rufin ajin da iska ta yaye, kuma duk haƙƙinsu ne. Tawa buƙatar ta shafi abin da 'ya'yanmu suke rubutawa game da ƙasar Gezawa a manyan makarantu, da kuma inda suke samo shi.

Ni malamin makaranta ne, ɗan wannan ƙasa. Kowace shekara yaranmu na Gezawa da Jogana da Babawa da Wangara da Tsamiya Babba kan kawo mini kundin kammala karatunsu in duba musu kafin su miƙa. Yawancinsu a kan gida suke rubutu: noman gero da dawa, ƙarfin ƙasa, sare itatuwa, kasuwa, karatun 'ya'ya mata. Wannan abin farin ciki ne. Abin da ke damuna shi ne babi na biyu, inda ake bitar ayyukan da suka gabata. A nan za ka tarar da yaron da aka haifa a tsakiyar gona, wanda ya san ranar da ake shuka da ranar da ake girbi, yana kwafo maganar da idonsa ya ƙaryata, don kawai ya same ta a rubuce da Turanci a intanet.

Akwai jimla guda da kusan duk mai rubutu a kan noma ko muhalli yake buɗe aikinsa da ita, wai hamada tana kutsowa cikin Najeriya da tazarar kilomita 0.6 a kowace shekara. Idan ka tambayi ɗalibi inda ya samo, sai ya nuna maka wata maƙala. Ka buɗe maƙalar, ita ma ta jingina ga wani rahoto. Rahoton ya jingina ga jawabin da aka yi a wani taro, daga nan kuma sawu ya ɓace. Wa ya auna? A wane wuri? Daga wace shekara zuwa wace? Da wane ma'auni? Ɗalibin bai tambaya ba, domin ba a koya masa cewa yana da ikon tambaya ba. Daga wannan jimla sai ya zarce ya yanke wa Gezawa hukunci: ƙasarmu ta mutu, manomanmu jahilci ya sa suke kashe ta, yawan jama'a ya cinye itatuwa.

Irin wannan magana tana da tarihi, kuma ya kamata yaranmu su san shi. A 1935 wani Bature masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya buga maƙala a Landan yana gargaɗin cewa Sahara na gab da haɗiye arewacin Najeriya, bayan wata ziyara da ya kawo yankin. Maganar ta tayar da hankalin masu mulki, har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar Najeriya da Nijar a 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya dawo ya ce bai ga shaidar hamadar da ke tafiya kamar yadda aka faɗa ba. Amma gargaɗin Stebbing ya fi rahoton kwamitin yaɗuwa. Bayan shekara arba'in, a 1975, wani mai bincike, Hugh Lamprey, ya zagaya Sudan a jirgin sama, ya gwada abin da ya gani da wata taswirar tsirrai ta 1958, ya ce hamada ta matso da kilomita 90 zuwa 100, wato kusan kilomita biyar da rabi a shekara. Lissafin ya shiga jawaban shugabanni da rahotannin manyan hukumomi. Daga baya Ulf Helldén na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin ya bi wannan yanki da hotunan tauraron ɗan'adam bai sami wannan tafiya ba, wasu masu binciken kuma suka nuna a 1991 cewa bakin hamada yana matsowa kudu a shekarun fari, ya koma arewa idan damina ta yi kyau. Lamprey ba maƙaryaci ba ne. Ya kwatanta ƙasar da ta fito daga babban fari da taswirar shekarun ruwa, sai masu kwafa suka ɗauki adadin suka bar sharuɗɗansa a baya.

Abin da ya fi ci mini rai, ranka ya daɗe, shi ne amsar waɗannan tambayoyi tana nan ƙarƙashin ikonka. Ƙasar noman da ke kewaye da birnin Kano tana cikin wuraren da aka fi yi wa binciken ƙwaƙƙwafi a duk yankin Sahel. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1962, daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Bayero, ya fara da gundumar Ungogo, aka buga rahotonsa da J. Wilson a 1965. A shekarun 1990 shi da William Adams na Jami'ar Kambirij suka zaɓi ƙauyuka huɗu suka bi rayuwar manomansu damina bayan damina: Dagaceri a Jigawa, Kaska da Futchimiram can arewa maso gabas, sai Tumbau, wadda mazaɓa ce a cikin ƙaramar hukumar da kake shugabanta. Sun auna ruwan sama, sun rubuta aikin da mutanen gida suka yi a gona, suka fitar da littafin Working the Sahel a 1999. A Tumbau ɗin dai wata mai bincike, Frances Harris, ta zauna tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita daga cikinta na abincin shuka, kuma ta yi aiki tare da Maharazu Yusuf na Jami'ar Bayero a kan yadda manoma ke sarrafa takin dabbobi.

Abin da suka gano duk manomin Tumbau ya san shi, sai dai su sun ɗora shi a ma'auni. Ana noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba, domin manomi yana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa, ya kwashe harawa da kara ya ciyar da tumaki da awakin da ke ɗaure a gida, ya tara takinsu ya mayar gona kafin ruwa ya sauka. Wake da gyaɗa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƙurar hunturu ma tana zuba nata. Haka nan batun itatuwa. Wata tawagar masana da ta haɗa da Reginald Cline-Cole da J. A. Falola da shi Mortimore ta bincika itacen girki a Kano, Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta buga aikin a 1990. A lokacin ana ta hasashen cewa birnin zai aske duk abin da ke kewaye da shi. Suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama, suka shiga gonaki, suka tarar manoman kusa da birni suna kare ɗorawarsu da gawonsu da tsamiyarsu da kukarsu, domin kowace bishiya tana da mai ita, itacen da birni ke ƙonawa kuma daga nesa motoci ke kawo shi.

Ana karanta waɗannan ayyuka a jami'o'in Turai da Amurka. Ɗalibin da ke Ingila yana iya sanin sunan Tumbau, ɗan Tumbau kuwa yana rubuta kundi a kan ƙasar mahaifinsa bai taɓa jin an yi binciken ba. Kakanninsa ne suka ba da lokacinsu, suka bari aka auna gonakinsu, aka ƙirga dabbobinsu, sakamakon ya tafi bai dawo gida ba.

Kada a fahimce ni da cewa babu matsala. Wanda ya je Yusufari a Yobe ya ga tudun rairayi a bakin gari ba zai yi musun zaizayar ƙasa ba, kuma dattawanmu ba su manta da farin 1973 da na 1984 ba. A nan gida ma abubuwa sun canja tun bayan waɗancan bincike. Birni yana miƙowa ta hanyar Haɗeja, gonaki suna komawa fuloti, gado yana ƙara tsaga gona, kuɗin takin zamani ya fi ƙarfin talaka, masu gawayi sun yawaita. Binciken da aka yi shekara talatin da suka wuce shaida ce a kan zamaninsa. Ɗalibin da ya kwafe shi ya ce haka Tumbau take a yau ya yi kuskure iri ɗaya da wanda ya kwafi kilomita 0.6. Bambancin shi ne aikin Harris da na Mortimore sun faɗi ƙauyen, sun faɗi shekarun, sun faɗi yadda aka auna, don haka ɗan Gezawa zai iya komawa wurin ya sake aunawa, ya gaskata su ko ya ƙaryata su. Wannan shi ne abin da ke sa a dogara da majiya a rubutun ilimi: ta bar ƙofar da za a bi a binciki ita kanta.

Wannan tarbiyya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Yaron da ya yi Islamiyya a Gezawa ya san ba a karɓar hadisi sai an duba isnadi. Ya ji ana cewa wannan ingantacce ne, wancan mai rauni, wancan kuma ƙirƙirarre. Ya san malamai irin su Bukhari sun bi maruwaita ɗaya bayan ɗaya: wane ne shi, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga bakinsa, an san shi da gaskiya, haddarsa tana da ƙarfi? Ya san idan sarƙar ta yanke a tsakiya darajar ruwayar ta sauka. Sai ga shi yaron nan ya shiga jami'a, ya ga rubutun da ba sunan marubuci, ba kwanan wata, ba madogara, ya rungume shi. Mu malamai ne ba mu haɗa masa karatun biyu ba. Da an ce masa jerin manazartar da ke ƙarshen kundinsa isnadinsa ne, kuma za a bi shi, da ya ɗauke shi da wani nauyi daban.

Malamanmu na tarihi sun daɗe da shimfiɗa wannan hanya. Marigayi Yusufu Bala Usman ya rubuta maƙala sukutum a kan yadda ya kamata a auna bayanan da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya bari game da Katsina a tafiyarsa ta shekarun 1850. Barth ganau ne, ya ji Hausa, kuma littafinsa taska ce. Duk da haka Bala Usman ya nuna dole a tambayi halin da yake ciki lokacin da ya rubuta, da waɗanda suka ba shi labari, da irin tunanin da ya taho da shi daga Turai. Kafin shi Abdullahi Smith, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna, ya ƙi karɓar labarin Bayajidda a matsayin bayanin yadda daulolin Hausa suka kafu. Ko littafin tarihin sarakunan Kano da H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, wanda ɗalibanmu ke ɗauka kamar an rubuta shi tun zamanin Bagauda, masana irin su Murray Last da John Hunwick sun yi doguwar muhawara a kan wanda ya tsara shi da lokacin da aka tsara shi, kuma ra'ayin da ya fi ƙarfi ya kai shi ƙarshen ƙarni na 19. Wannan bai rage masa daraja ba. Ya dai sa mai karatu ya san abin da zai nema a cikinsa da abin da ba zai nema ba.

Lissafin gwamnati ma yana buƙatar wannan taka-tsantsan. Kusan kowane kundi yana cewa yawan mutanen Gezawa kimanin 282,000 ne, ba tare da faɗin cewa adadin ƙidayar 2006 ne ba, kuma ba a sake ƙidaya a ƙasar nan ba tun daga lokacin. Jaririn da aka ƙirga a goye a wannan shekara ya isa shiga jami'a yanzu. Ƙasar da ta soke ƙidayar 1962 da ta 1973 ta isa ta koya wa 'ya'yanta cewa adadi yana da tarihi. Rahotannin Turawan mulki da ke ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna su ma haka: an rubuta yawancinsu ne don haraji da jangali, kuma mai gona da mai shanu suna da dalilin rage abin da suke faɗa wa mai ƙirga.

Zamanin nan ya ƙaro wasu ramuka biyu. Na farko mujallun da ake biya a buga, masu sunaye masu ƙayatarwa, waɗanda ba sa ba kowane masani ya tantance abin da aka aiko musu. A 2013 wani ɗan jarida mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri binciken bogi cike da kurakuran da gangan aka sa, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa za su buga. Ɗalibinmu yana ganin an ce mujallar ƙasa da ƙasa ce sai ya saki jiki. Na biyu su ne manhajojin da ke rubutu da kansu irin su ChatGPT, waɗanda kan jero sunan marubuci da shekara da sunan mujalla, ka je nema ka tarar babu wannan aiki a duniya. A 2023 wata kotu a birnin New York ta ci tarar lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙira. Na ga irin waɗannan manazarta a kundin yaranmu, kuma yaran ba su san ƙarya aka ba su ba. Mai sayen hatsi a kasuwar Gezawa ba ya tsayawa ga abin da ke bakin buhu, sai ya cusa hannu har ƙasa. Abin da nake so yaranmu su saba da shi ke nan: kada su sa aiki a manazarta sai sun buɗe shi sun karanta da idonsu.

Za ka iya cewa, ranka ya daɗe, wannan aikin jami'a ne, ina ruwan ƙaramar hukuma? Ruwanta yana da yawa. Waɗannan ɗalibai su ne gobe za su zama malaman gona da malaman makaranta da ma'aikatan sakatariyarka, su ne za su rubuta takardun da za a nemo wa Gezawa tallafi da su. Wanda ya yarda cewa manominmu na Ketawa jahili ne mai kashe ƙasarsa zai kawo shirin da zai koya masa abin da ya riga ya sani, ya bar abin da yake nema. Kuma tsarin mulki ya sa hannun ƙananan hukumomi a ilimin firamare da na manya, da bunƙasa noma, da kula da kasuwanni, da rajistar haihuwa da mutuwa. Duk waɗannan ayyuka ne da ke haifar da bayanai. Ofishinka da kansa majiya ce, ko mai kyau ko marar kyau.

Saboda haka roƙona na farko ɗaki ne guda, a sakatariya ko a ɗaya daga cikin makarantun sakandarenmu, mai kanta da makulli da ma'aikaci ɗaya da zai riƙe shi amana. A tara a cikinsa duk abin da aka taɓa rubutawa a kan ƙasar Gezawa: littattafan da na ambata, kundayen digirin da ke jibge a Jami'ar Bayero da sauran makarantu, kwafen takardun gundumar da ke Kaduna da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, rahotannin hukumar bunƙasa noma ta jiha, KNARDA, da abin da cibiyar binciken noma ta IITA ta fitar daga gonarta ta gwaji a Minjibir maƙwabciyarmu. Wasiƙa daga ofishinka za ta buɗe ƙofofin da ɗalibi shi kaɗai ba zai iya buɗewa ba. Ina kuma roƙon a fassara taƙaitaccen binciken Tumbau zuwa Hausa, a je garin a karanta wa manoma a gaban dagaci, a ji inda suka yarda da inda suka ce ba haka ba ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma gyaran da za su yi shi ma bayani ne da ya cancanci a rubuta.

Sai abin da ya fi sauƙi kuma ya fi daɗewa yana amfani: ƙaramar hukuma ta fara ajiye nata lissafin. Ma'aunin ruwan sama ba shi da tsada. A sa ɗaya a makaranta guda a kowace mazaɓa, ɗalibai su riƙa rubutawa kowace safiya, malami ya sa hannu. Kowace ranar kasuwa a rubuta kuɗin tiyar gero da dawa da wake da buhun taki a littafi mai kwanan wata da sunan wanda ya rubuta. Bayan shekara goma Gezawa za ta mallaki abin da ƙananan hukumomi kaɗan ne suke da shi, yaran da suka yi awon kuma sun koyi yadda adadi ke samuwa tun kafin su shiga jami'a. Dattawan da suka ga farin 1973 suna ƙarewa. A naɗi muryoyinsu da izininsu, a rubuta garin kowa da ranar da aka yi hirar, domin labarin baka ma yana da isnadi.

Idan ƙaramar hukuma tana da abin da take ba ɗalibai na tallafi, a ware wani kaso ga wanda zai shiga gona ya auna, musamman wanda zai koma Tumbau ya sake gwada abin da aka gwada a shekarun 1990. Muna buƙatar sanin ko takin dabbobi har yanzu yana riƙe ƙasar, ko ɗorawar da aka ƙirga tana nan, ko gonar da ta ciyar da gida a wancan lokaci tana ciyar da shi yau. Malaman sakandarenmu kuma a haɗa musu bitar kwana biyu a lokacin hutu, a gayyato malamai daga sashen nazarin ƙasa da na tarihi na Jami'ar Bayero da ma'aikatan ɗakin karatu na Murtala Muhammad, su nuna musu yadda ake bin sawun magana har tushenta da yadda ake gane mujallar gaskiya.

Mu malaman da ke wannan ƙasa a shirye muke mu yi aikin tattarawa da fassara ba tare da an biya mu ba. Abin da ba mu da shi shi ne ɗaki da takardar hukuma. Ina roƙon ka sa shugaban sashen ilimi da na aikin gona su zauna da mu kafin damina mai zuwa ta faɗi, domin a kafa ma'aunan ruwan tun ruwan farko.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta, ɗan ƙasar Gezawa.